Idan Aka Tuhumi Malami Da Tuƙi Cikin Maye: Me Za A Yi Kafin A Sa Hannu?

Wannan shi ne jawabin da Kwamitin Walwala na reshenmu ya gabatar a gaban wakilan makarantu. Mun buga shi gaba ɗaya saboda mambobin da ba su samu halarta ba, da kuma iyalansu.



Batun da aka ɗora mana yau ba ya cikin waɗanda aka saba tayarwa a taron malamai. An saba mu zauna kan albashi da ƙarin girma da fansho. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yawancinmu muna zuwa makaranta a kan babur ko cikin mota. Wasu daga cikinmu suna ɗaukar fasinja bayan an tashi domin cike giɓin albashi, wasu kuma 'ya'yansu ko ƙannensu ne ke fita da abin hawan gida. Duk gidan da akwai mai tuƙi, wannan magana ta shafe shi.

Tun da farko mu bayyana matsayinmu. Ƙungiya ba ta goyon bayan tuƙi cikin maye, kuma ba za ta nema wa kowa uzuri a kansa ba. Titin da mai maye ke bi shi ne wanda ɗalibanmu ke tsallakawa kowace safiya. Abin da muka zo faɗa shi ne, wanda aka tuhuma yana da haƙƙi a wurin doka, kuma sau da yawa abin da ke raba malami da aikinsa shi ne gaggawar da kunya ta sa ya yi cikin kwana ɗaya ko biyu na farko: ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, ya amsa laifi a gaban alƙali don a rabu da shi, duk kafin ya ga lauya.

Abin da doka ta kira laifi

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, an kafa ta a 1988, kuma dokar da ta tsara aikinta ita ce ta 2007. Wannan doka ta haramta tuƙi ga wanda barasa ta haura giram 0.5 a kowace lita ta jininsa, haka kuma ga wanda barasa ko ƙwaya ta hana shi iya sarrafa abin hawansa yadda ya kamata. Hukuncin da dokar 2007 ta tanada shi ne tarar naira 5,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko a haɗa wa mutum duka biyun. Adadin tara abu ne da majalisa ke iya sauyawa, don haka kada ƙanƙantarsa ta ruɗi kowa. Abin dubawa shi ne akwai ɗauri a cikin hukuncin, kuma kotu na iya hana mutum riƙe lasin tuƙi na wani lokaci. Idan tuƙin ganganci ya yi sanadin rai, ɗaurin na iya kaiwa shekara 7. Babur da Keke Napep duk suna ƙarƙashin wannan doka.

Da yawa daga cikinmu za su ce ai ni ba na shan giya, wannan bai shafe ni ba. A nan ne ake yin kuskure. Dokar ba ta tsaya kan giya ko burkutu ba. Tabar wiwi tana ciki, haka tiramol da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi da shigo da shi a 2018. Tiramol da aka amince a ba marar lafiya shi ne mai nauyin miligiram 50 ko 100. Wanda ake sayarwa a ɓoye ga masu son su yini suna aiki ba gajiya yakan kai miligiram 225, yana kawo jiri da gyangyaɗi, har ya kan jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Sannan akwai magungunan da likita da kansa ke rubutawa, ko waɗanda muke saya a kyamis ba tare da wani tunani ba, irin su Piriton na mura da ƙaiƙayi, da Valium na barci. Malamin da ya sha ɗaya daga cikinsu da asuba ya hau babur, idonsa na iya rufewa a kan titi alhali bai taɓa kusantar mashaya ba.

Haka kuma tuhuma ɗaya kan haifi wata. Idan aka samu ƙwaya a aljihu ko a cikin mota, maganar na iya komawa hannun NDLEA, hukumar da aka kafa a 1989, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan shari'a. A jihohin da ke aiki da dokokin laifuffuka na Shari'ar Musulunci, shan giya ga Musulmi laifi ne mai zaman kansa, ko ya yi tuƙi ko bai yi ba. Saboda haka tambaya ta farko da lauya zai yi ita ce: a ƙarƙashin wace doka ake tuhumarsa, kuma a wace kotu?

A bakin titi

Idan jami'ai suka tsayar da kai, ka tsaya. Gudu, da yi wa jami'i taurin kai ko kai masa hannu, da yunƙurin ba shi cin hanci, kowannensu laifi ne dabam da za a ƙara a kan na farko. Ka nuna lasinka da takardun abin hawa, ka yi magana cikin ladabi, ka taƙaita. Ka riƙe lokaci da wuri da sunan jami'in da ke jikin kakinsa. Idan an ba ka na'urar gwajin numfashi ka hura, ka nemi a nuna maka abin da ta nuna, a kuma rubuta shi a gabanka. Idan akwai maganin da kake sha bisa umarnin likita, ko kana da ciwon sukari, ka faɗa tun a wurin. Faɗuwar sukari a jini na sa mutum ya yi ta layi, harshensa ya sarƙe, mai kallo ya rantse a buge yake. Haka ma wanda ya bugu a ka lokacin haɗari.

Jami'an FRSC kan ba da takardar laifi, wadda ke ba mutum zaɓi tsakanin biyan tara da zuwa kotu. Ana biyan tarar ta banki ne cikin asusun gwamnati, a karɓi shaidar biya. Ba a damƙa wa jami'i kuɗi a hannu. A wasu lokuta kuma akan kafa kotun tafi-da-gidanka a gefen hanya, a gurfanar da mutum nan take. Kasancewar tana zama a ƙarƙashin rumfa bai rage mata komai ba. Hukuncinta hukuncin kotu ne, kuma wanda aka gurfanar a gabanta yana da damar ya ce yana so ya ga lauya tukuna.

Idan an yi haɗari, rai ne a gaba da komai. A kai wanda ya ji rauni asibiti, ko a kira lambar FRSC ta gaggawa, 122. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Idan jama'a suka taru aka ga alamar za su ɗauki doka a hannunsu, direba ya nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa ya kai rahoto da kansa. Wanda ya tafi gida ya ɓuya, ya ƙara wa kansa nauyi.

A ofishin 'yan sanda

Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 35, ya ba duk wanda aka kama damar ya yi shiru, ya ƙi amsa tambaya har sai ya gana da lauya ko wani mutum da ya zaɓa. Ya wajabta a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a cikin tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta ƙara da cewa za a iya ɗaukar bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa, in ba shi da lauya, a gaban jami'in Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ko wani da ya zaɓa. Jihohi sun yi tasu irin wannan doka. Kaduna ta yi a 2017, Kano a 2019.

Mu malamai muna da wani rauni a nan. Sana'armu bayani ce, mun saba in an yi mana tambaya mu ba da amsa mai tsawo. A ofishin 'yan sanda kuwa magana zarar bunu ce. Kalma ɗaya irin “na ɗan sha kaɗan” ko “na sha maganin da ke sa ni barci”, in ta shiga takarda aka sa hannu, ita mai gabatar da ƙara zai karanta wa alƙali. Ba muna cewa a yi ƙarya ba. Muna cewa a jira lauya, a karanta kowane layi kafin a sa hannu, kada kuma a taɓa sa hannu a farar takarda. Idan an rubuta abin da ba ka faɗa ba, ka ce a gyara.

Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Abin da ake bukata shi ne mai tsayawa, mutumin da aka san gidansa da sana'arsa. Dokar 2015 ta fito fili ta ce ba za a hana mutum tsayawa beli don kawai mace ce ba, saboda haka matar malami ko 'yar'uwarsa ko abokiyar aikinsa na iya karɓar belinsa. Ita dai wannan doka, da Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sun haramta kama wani a madadin wani. Ba a tsare uba don ɗansa ya gudu, ba a tsare mata don ba a ga mijinta ba. Mai tsayawa kuma ya san abin da ya ɗauka: in wanda ya tsaya wa ya ƙi bayyana, kuɗin da aka rubuta a takardar belin a wuyansa yake.

A gaban alƙali

Nan ne ya kamata mu fi daɗewa. Za a karanta wa mutum tuhumar, a tambaye shi ko ya amsa. Sau da yawa akan samu mai raɗa masa a kunne: “Malam, kawai ka amsa, tara ce 'yar kaɗan, ka biya ka koma gida kafin labari ya bazu.” Ga wanda ya kwana a tsare, yana tunanin maƙwabta da ɗalibai, wannan shawara tana da daɗin ji. Amma wanda ya amsa laifi, majistare na iya yanke masa hukunci a zaman nan, kuma daga ranar sunansa ya shiga cikin waɗanda kotu ta samu da laifi. Tarar za ta ƙare a rana ɗaya. Rubutun da ke cikin littafin kotu kuwa shi zai bi shi har ofishin SUBEB ko ma'aikatar ilimi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, kuma yana da damar samun isasshen lokaci don shirya kariyarsa, da lauyan da ya zaɓa, da tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi. Don haka wanda bai ga lauya ba, ya roƙi kotu cikin ladabi ta ɗage zaman, ta kuma ba da belinsa.

Me lauya zai yi wanda kai ba za ka iya ba? Zai duba ko an yi gwaji ma tukuna, ko kuwa jami'i ne kawai ya ce ya ji wari. Zai tambayi irin na'urar da aka yi amfani da ita, da ranar da aka daidaita ta, da wanda ya yi gwajin. Na'urar numfashi barasa kaɗai take ganewa, ba ta ganin tiramol ko wiwi. Gwajin fitsari kuma yana nuna cewa mutum ya sha wani abu a kwanakin baya, amma ba ya tabbatar da cewa yana cikin maye a daidai lokacin da yake tuƙi, domin alamar wiwi kan daɗe kwanaki har makonni a jiki. Lauya zai nemo katin asibiti da takardar maganin likita da shaidun da suka ga abin da ya faru.

Idan kuwa gaskiya ne malami ya aikata, lauya ba zai ce masa ya yi rantsuwa a kan ƙarya ba, mu ma ba za mu ce ba. Amma amsa laifi bayan shawara ya bambanta da amsawa cikin ruɗu. Lauya zai bayyana masa abin da amsawar za ta jawo ga aikinsa, zai iya tattaunawa da masu gabatar da ƙara kan sassauta tuhuma kamar yadda dokar 2015 ta ba da dama, zai kuma roƙi sassauci ta hanyar nuna wa kotu cewa wannan ne karo na farko, ga shekarun da ya yi yana koyarwa, ga iyalin da ke wuyansa. Wanda aka riga aka yanke wa hukunci ma ya garzaya wurin lauya, domin ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, yawanci kwana 30.

Ina ake samun lauya?

Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 kuma take aiki da dokar 2011, tana da ofisoshi a jihohi, tana kuma ba da lauya kyauta. Sai dai ma'auninta na asali shi ne mutumin da abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024. Malamin da albashinsa ya haura haka ba lallai ya cancanta kai tsaye ba, amma ɗansa ko ƙanensa marar aiki na iya cancanta, kuma zuwa neman shawara a ofishinsu ba ya cin komai. Rassan Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, suna da lauyoyin da ke karɓar wasu shari'u kyauta. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimaka wa mata da yara. Tsangayoyin shari'a na wasu jami'o'i, irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, suna da cibiyoyin ba da shawara ga jama'a.

Idan lauya mai zaman kansa za a ɗauka, a je ofishinsa a gan shi. Takardun da lauya na gaskiya ke shigarwa kotu suna ɗauke da hatimin NBA. A yi maganar kuɗi tun farko, a rubuta abin da aka amince, a karɓi rasit. A yi hattara da masu yawo a harabar kotu suna cewa sun san alƙali, haka da duk wanda ya yi alkawarin lallai za a ci shari'a. Sannan a gaya wa lauya gaskiya duka, har abin da ake jin kunyar faɗa wa iyali. Doka ta wajabta masa riƙe sirrin wanda yake karewa, kuma lauyan da aka ɓoye wa magana a gaban alƙali zai ji ta, lokacin da gyara ya wuce.

Aiki da rajista

Shari'ar kotu dabam, ladabtarwar wurin aiki dabam. A ƙa'idojin aikin gwamnati, ana iya dakatar da ma'aikacin da ke fuskantar tuhumar laifi a riƙa ba shi rabin albashi har a gama shari'a. In an wanke shi, a mayar da shi a biya shi abin da aka riƙe. Samun ma'aikaci da laifi a kotu kuwa yana cikin manyan laifuffukan da kan kai ga kora, kuma ɓoye shi laifi ne na biyu. Hukumar Rajistar Malamai, TRCN, wadda aka kafa a 1993, tana da kwamitin bincike da na ladabtarwa, kuma tana da ikon cire sunan malami daga rajista. Saboda haka muna ba da shawara a sanar da shugaban makaranta a rubuce, a taƙaice, bayan lauya ya duba takardar. Idan aka ba malami takardar neman ba'asi, kada ya amsa shi kaɗai a daren nan; ya kawo ta ofishin reshe, a kuma amsa cikin wa'adin da aka ba shi.

Ga iyali

Idan aka kira ku aka ce an kama maigida ko yaro, ku fara sanin ofishin da yake da hukumar da ta kama shi. Ku kira lauya, ku kira wakilin ƙungiya. Ku tattara katin aikinsa da lasinsa da takardun abin hawa da na inshora da na asibiti. Kada ku yi gaggawar sayar da akuya ko ɗan kunne don a kashe magana a bayan fage; kuɗin da babu rasit a kansa ba ya rufe fayil. Kada kuma a baza labarin a WhatsApp ko Facebook da sunan neman addu'a, domin abin da aka rubuta na iya komawa hujja.

Idan an ji wa wani rauni ko an rasa rai, addininmu da al'adarmu duk sun koya mana zuwa dubiya da ta'aziyya da ɗaukar nauyin magani. A yi wannan da zuciya ɗaya, a tura dattawa. Sai dai duk wani sulhu da ya shafi kuɗi ko diyya a rubuta shi da sanin lauya da shaidu, a kuma fahimci cewa yafewar dangi ba ita kaɗai ke janye ƙarar da hukuma ta shigar ba. A sanar da kamfanin inshora da wuri. Inshorar dole ta motar gida, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 tun farkon 2023, an yi ta ne domin irin wannan rana, amma ta jabu da ake saya a bakin ofishin lasin ba za ta biya ko kwabo ba.

Abin da ya rage mana

Wani lokaci kamun da aka yi wa ɗan'uwanmu shi ne karo na farko da wata daɗaɗɗiyar matsala ta fito fili. Lauya zai iya fitar da shi daga kotu, amma ba zai raba shi da ƙwaya ba. Wannan aikin likita ne, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, da sassan irin wannan magani a asibitocin koyarwa. Zuwa can ba hauka ba ne. Haka kuma mu daina yarda da cewa goro ko shayi mai kauri ko wanka da ruwan sanyi na kore maye. Hanta ce ke tace barasa, a hankali take aikinta, ba abin da ke hanzarta ta. Wanda ya sha abin da ke sa jiri ko barci, ya ajiye makulli ya hau na haya.

A ƙarshe muna gabatar wa reshe shawara uku. A samu jerin lauyoyin da aka amince da su a ajiye a ofishin sakatare, kowane wakilin makaranta ya riƙe kwafi. A ware wani kaso daga asusun walwala don biyan kuɗin ganawar farko da lauya, a matsayin bashi marar ruwa. A kuma naɗa mutum biyu, namiji da mace, waɗanda aka sani da riƙe sirri, da za a iya kira ko da tsakar dare. Malamin da ya tabbata ba za a yi da shi a ɗakin malamai ba, shi ne zai kira mu a awa ta farko, lokacin da taimakonmu zai yi amfani.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu da ɗalibanmu a kan hanya, Ya kai kowa gida lafiya.